Yaya Sani da Faifan Mutanen Suwidin

Mai karatu, in kana cikin masu raɗa a zaman makoki cewa yayana ya ƙare rayuwarsa yana yawo da makaɗa, ka ji tsoron Allah. Ba ka san shi ba.

Ina bakin aiki a garin Largo, nan Amurka, matarsa ta kira ni, ta ce Yaya Sani ya cika bayan Azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Direba ne. Shekaru da dama shi ke tuƙa wasu makaɗan rok 'yan ƙasar Suwidin duk lokacin da suka zo zagayen Amurka. Ni kiɗan nan hayaniya ce a kunnena, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Hajara, nasu ihu, nawa sitiyari."

Ya san su tun faifansu na farko, suna kwana cikin ƙaramar mota suna raba burodi. Na uku ne ya ɗaga su. Bayan na huɗu suka watse saboda giya, sai da furfura ta fito suka sake haɗuwa. Duk tsawon lokacin kwalba ba ta taɓa zuwa kujerun gaba ba. In lokacin salla ya yi, yakan tsaya gefen hanya ya shimfiɗa darduma, ƙartin nan masu gashi har kafaɗa su yi tsit suna jira. Yakan ce, "Wanda ya ga kana salla kullum, shi zai fara tuna maka lokaci."

Abin da ke damuna yanzu 'yata ce, Zainab. A nan aka haife ta. In na yi mata Hausa, da Turanci take amsawa. Mutum ɗaya take yi wa Hausa, kawunta, kuma a kan faya-fayan makaɗan nan. Nakan ji su a falo suna gardama.

"Kawu, na biyu ya fi daɗi!"

"Ke tafi can, mai gangar ma mura yake yi da aka ɗauke shi."

Tun rasuwar, Zainab ta kwashe faya-fayan ta rufe ɗaki. Ba ta ce mini uffan da harshenmu ba. Ƙawayena sun ce in zubar da su. Na kai hannu, na tuna a cikinsu ne kawai yarinyar nan take jin muryar danginta.

Allah Ya jiƙan Yaya Sani, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba matarsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Jiya na kafa doka. Faya-fayan sun dawo falo, ba mai sauraronsu a ɗaki ko da abin toshe kunne. Lokacin salla a kashe. Kowace Asabar Zainab za ta sa ɗaya, in zauna in daure, ta ba ni labarinsa yadda kawunta ya ba ta. Da Hausa.