Ƙaho Bayan Aikin Zuciya

A shekarun nan da gero ya gagari talaka har muka koma kan tafasa da rama, aka tsaga mini ƙirji a wani asibiti a Kano. Likita ya ce wata 'yar ƙofa ce a zuciyata ta lalace, ba ta rufuwa, jini yana komawa baya. Suka cire ta suka sa ta ƙarfe. Da za a sallame ni ya ba ni ƙwaya ya ce in riƙa sha kullum, tana tsinka jini don kada ya daskare a kan ƙarfen. Ya ce ko ƙaya ce ta soke ni in kula. Wata uku kuma ban da fartanya.

Wata uku! Ga hadari yana haɗowa, kowa ya fita sharar gona, ni ina zaure. In zauna, in tashi, in leƙa waje, in dawo. Kafaɗuna kamar an ɗora musu dutsen niƙa. Ni kuwa tun ina saurayi, damina ba ta faɗuwa sai an yi mini ƙaho an zuƙe mataccen jini.

Na aika aka kira wanzamin garinmu, abokina tun muna kiwon awaki.

Ya dube ni ya ce, "Kai da aka ɗinke kamar tsohon buhu, ina ya rage da zan tsaga?"

Na ce, "Baya za ka tsaga. Yi aikinka, ka cika surutu."

Ban gaya masa zancen ƙwayar ba. Ba mantawa na yi ba. Na san in na faɗa ba zai yi ba.

Ya tsattsaga, ya kafa ƙaho huɗu. Da ya cire ya goge, jini ya dawo. Ya sake gogewa. Ya barbaɗa garin magani, jinin ya ratso. Tun hantsi har aka kira azahar. Wasa ya ƙare.

Ya ce, "Don Allah, me kake sha?"

Na faɗa masa. Bai zage ni ba. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini baya tamau, ya goya ni a babur har asibiti a Ɗambatta. Kwana shida na yi, aka ƙara mini jinin ƙanena. Ruwan shuka ya sauka ina kwance rub-da-ciki, ina jin sa a kan kwano. Maƙwabta suka shuka mini gonar, layin duk a karkace.

Har yau shi yake mini aski, amma da almakashi. Na ce ko a ƙeya ya ɗan sa aska. Ya ce in nemi wani ya kashe ni, shi ya riga ya gwada sau ɗaya.