Audu Zuru Mai Jikoki Uku

Birnin Kebbi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar tasha, ina rungume da hoto a firam kamar mai ɗauke da ƙwai. Hoton dutsen kabari ne a Burma, ɗana ya tono shi a intanet, an rubuta Audu Zuru. Kakana ke nan, wanda Turawa suka kwasa yaƙi ya bar Gwaggo Rifkatu a goye. Yanzu ta haura tamanin, ido ya soma tafiya, ba ta da buri sai ta ga inda ubanta ya kwanta.

Koko

Takwas saura muka tsaya cin waina. Direba ya leƙa hoton ya ce, "Malam, ina ka samo kabarin kakana?" Na ce nawa dai. Ya rantse haka aka rubuta nasa a soja, shi ma bai dawo ba. Nan waina ta fita raina.

Dabai

Goma da rabi muka iso shingen sojoji. Wani kofur ya karanta sunan da ke hoton, ya ƙame ya sara. "Yayan kakata ne," in ji shi. Shi ya warware mini zancen. Ashe magatakardan ɗaukar soja na wancan zamanin ba ya wahalar da alƙalaminsa da sunayenmu na ƙabilar Lelna. Duk wanda ya gangaro daga dutse sai a raɗa masa Audu, a liƙa masa Zuru. Ke nan ba tabbas kabarin na kakana ne.

Zuru

Na iske Gwaggo a gindin mangwaro, ta ci ado irin na zuwa coci. Na yi niyyar yin shiru, amma da ta soma shafa gilashin sai na kasa, na faɗa mata komai.

Ta ci gaba da shafa gilashin. Can ta ce, "Su waɗancan biyun suna da hoton?"

Na ce ba su da shi.

"To rataye shi a ɗakina. Ko ɗan waye, shekara tamanin ba nasa da ya share masa kabari." Ta kama bakin zanenta ta goge gilashin tsaf.

Komawa

Washegari da la'asar na iso gida lafiya. Godiya ga Allah, da kuma sababbin 'yan'uwana, direba da kofur, waɗanda Gwaggo ta ce lallai in wanke wa kowa nasa hoton.