Sunan Rifkatu a Ƙasan Saƙo

Shekara shida ke nan da rasuwar Rifkatu, kuma har yau kwamfutar da ta kafa tana nan a ƙuryar shagona a unguwar Wunti, tana aiki dare da rana. Masu zuwa karɓar ɗinki kan tambaye ni ko ta mece ce, tunda ba allo a gabanta, ba kujera. Nakan ce musu kanti ne. Wasu su yi dariya, ni kuwa ba wasa nake ba.

Ni tela ce, kayan mata nake ɗinkawa da zannuwan gado. Rifkatu ta kama shagon da ke jikin nawa, tana sayar da acca da zuma da riɗi da matan ƙauyensu ke aiko mata daga kudancin jihar nan. Da mahaifiyarta, Mama Saratu, suke zaune a unguwar Ɗan Iya. Kwamfuta ta karanta, aikin ofis bai samu ba, ta ce ba za ta zauna jira ba. Na girme ta sosai, shi ya sa take ce mini Yaya. Ita Kirista, ni Musulma, kuma idan na tashi salla ita ke tsare mini shago ba sai na roƙa ba.

Da farko a wani dandalin sada zumunta take tallar kayanta, har ta tara masu saye. Wata safiya ta tarar wani ya sace shafin, ya canza kalmar sirri. Ta rubuta wa masu dandalin ta sake rubutawa, ba ɗan Adam ko ɗaya da ya amsa mata. Ranar ba ta ci abinci ba. Da la'asar ta leƙo shagona, idanunta jawur.

"Yaya, na gaji da zaman haya a gidan mutanen da ban san fuskarsu ba. Nawa zan gina."

Ban fahimci maganar ba sai da na ga ta shigo da tsohuwar kwamfuta ta gwanjo a keke. Ta goge duk abin da ke cikinta, ta zuba manhajar kanti, ta yi rajistar sunan shafi, ta haɗa shi da hanyar biyan kuɗi. Ta ce wannan inji shi ne saba, wato shi ke riƙe da kantin, kuma duk wanda ya buɗe shafinmu, ko daga ina yake, ƙofar wannan akwatin yake ƙwanƙwasawa. A shagona ta ajiye shi don ya fi nata iska. Wuta ba ta zama, sai ta haɗa sola da batir. Da bazara ta yi tsanani injin ya riƙa kashe kansa, ta cire masa murfin gefe ta kafa masa fanka, mu kuma muna zufa. Abokan karatunta suka ce ta kama wa kantin hayar wuri a injin wani kamfanin waje mana, ya fi sauƙi. Ta ce ta sani, amma tana so idan abu ya lalace ta iya sa hannu ta taɓa shi.

Odar farko daga Legas ta zo, ta acca. Ihun da Rifkatu ta yi sai da masu keke suka waiwayo.

Daga nan ta matsa mini sai na koya. Yadda ake sa sabon kaya, yadda ake duba oda, yadda ake tayar da injin idan ya tsaya, yadda ake kwafe komai a wani ɗan faifai duk mako. Ina ƙorafi cewa kaina ya tsufa, tana cewa wanda ya iya yanka hannun riga ba abin da zai gagare shi.

Da kaka ta tafi ƙauye ɗauko sabuwar acca. A hanyar dawowa motarsu ta yi karo da babbar mota. Ba ta kai asibiti ba.

Abin da ba na mantawa shi ne zaman makoki a Ɗan Iya. Matan zumunta na cocinsu suna waƙa a hankali a tsakar gida, ina zaune kusa da Mama, sai wayata ta yi motsi a cinyata. Na duba, oda ce. Can an jima wata ta shigo. Kantin bai san mai shi ta mutu ba, yana ta karɓar baƙi. Da aka yi jana'iza na aika wa mutanen kayansu, da niyyar in kashe injin. Mama ce ta hana. Ta ce matan ƙauye sun riga sun saba da kasuwar, kada a rufe musu ƙofa. Na ci gaba, ana aiko kaya ina kai wa tasha.

Sai dai akwai wani abu. Duk wanda ya yi saye, kantin kan aika masa saƙon godiya da kansa, a ƙasa kuma an rubuta: "Na gode ƙwarai. Rifkatu." Ko ni na amsa wa mai tambaya, sunan kan bi bayan maganata ya zauna. Na san inda ake canza shi, ta nuna mini. Na sha buɗe wurin in zuba masa ido in rufe. Kwafin kowane saƙo yana zuwa wayata, don haka ina cikin ɗinki sai in ga sunanta ya haska, tana godiya. Ko da faifan injin ya mutu shekaru biyu da suka wuce, muka dawo da komai daga kwafin da ta koya mini yi, sunan ya dawo tare da sauran kaya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da kasuwar yau. Kowa ya koma talla da bidiyo a waya, 'ya'yan ƙannena suna ce mini injin nan ya zama kayan tarihi. An ce har akwai manhajojin da ke hira da mai saye kamar mutum, ba ya gane ba mutum ba ne. Na san za ta kwana uku tana tona cikinsu don murna, sannan ta tambayi a hannun wa makullin yake. Abin da ban sani ba shi ne me za ta ce da ni, da na bar ta tana gaishe da mutane alhali tana kabari.

A daminar bara wata dattijuwa ta sauka daga keke a ƙofar shago, riƙe da leda. Ta ce sunanta Hajiya Rabi, a Legas take aure, biki ya kawo ta unguwar Gwallameji.

"Ina Rifkatu? Ki ce mata mai acca ce daga Legas, na zo in gan ta ido da ido."

Na ba ta kujera, na kawo ruwa, sannan na gaya mata.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

"Ya haura shekara biyar, Hajiya."

Ta daɗe tana kallona. "To, da wa nake magana duk shekarun nan?"

"Da ni."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta lura yarinyar ta daina zolayarta a saƙo, sai ta ɗauka aure ta yi, hidima ta yi mata yawa. Ta buɗe ledar, leshi ne mai ruwan goro, tsarabar da ta sayo mata. Hajiyar ce ashe mai odar farko. Lokacin likita ya hana mijinta cin shinkafa saboda ciwon suga, ita kuma ba ta taɓa dafa acca ba, Rifkatu ta kira ta a waya ta koya mata tun daga wanki.

Na rufe shago na kai ta Ɗan Iya. Mama ta tsufa, idonta ya yi rauni. Hajiya ta durƙusa ta yi mata ta'aziyyar da ta makara, sannan ta shiga ba ta labari, tana kwaikwayon muryar Rifkatu: a samu ƙwarya biyu, a riƙa rairaya a hankali, in an ji yashi ya daina kuka a gindin ƙwarya to ta wanku, gwate kuma kada a rufe tukunya bayan an zuba yakuwa.

Mama ta ɗago kai. "Yashi ya daina kuka. Haka ta ce miki?"

"Haka ta ce, Mama."

"Maganata ce. Tana tsaye a kan turmi na koya mata, hannunta bai kai ƙwaryar ba."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, mu ma muka taya ta. Da muka natsu ta laluba ta kama hannuna. "Hadiza, ki cire sunan. Ki sa naki. Ta yi aikinta, a bar ta ta huta."

Washegari na cire. Aikin bai kai a ɗaura zare a keken ɗinki ba, amma da saƙon farko ya fita da sunana sai na ji kamar ranar ce aka binne ta.

Idan na auna abin da ya rage nata, ba ya da yawa, kuma ba kaɗan ba ne. Matan ƙauye suna samun kasuwar da ba wanda zai wayi gari ya ƙwace musu. Ni da nake tsoron taɓa kwamfuta, yau idan injin ya tsaya ba na kiran kowa. Akwai kuma wani gida a Legas da ake wanke acca da kalmomin wata tsohuwa ta Ɗan Iya. Kewa dai ba ta ragu ba, ta canza wurin zama ne kawai.

Leshin, Hajiya ta bar wa Mama, Mama ta ce in ɗinka mata ta sa zuwa coci. Na auna ta, na dawo shago na shimfiɗa shi a tebur, na zana da alli. Har na ɗaga almakashi sannan na lura rigar ta yi wa Mama tsawo, kafaɗar kuma ta yi kaɗan. Awon Rifkatu hannuna ya zana. Na ajiye almakashin na zauna, sai da aka kira la'asar na iya goge allin.