Maɗaukin da Ya Kusa Hana Iya Zuwa Hajji

Har yau idan na ji ƙaramin jirgin sama yana gurnani da hantsi, irin wanda ɗalibai ke koyon tuƙi da shi, sai in ga kaina a zauren gidanmu na Samaru, ina ɗan shekara goma, hancina cike da warin katako da fenti. Duk yaran Samaru da wannan ƙara muka tashi. Amma jirgi a cikin zaure, gidanmu kaɗai na sani da shi.

Kakana, wanda muke ce wa Baba Tsoho, gyaran agogunan jirgi ya yi a makarantar koyon tuƙi har ya ajiye aiki. Yana saurayi aka tura shi kwas ƙasar waje. Malaminsa na can tsohon sojan ruwa ne da ya tuƙa jirgin yaƙi, irin wanda ke tashi daga bayan ƙaton jirgin ruwa ya dawo ya sauka a kansa. Da za su rabu, ya ba shi babban zanen ɗakin direban wannan jirgi. Takardar ta yi shekaru a ƙasan adaka. Da zama ya ishi Baba Tsoho sai ya ciro ta, ya riƙa zarya kasuwar Sabon Gari, yau wajen 'yan katako, gobe wajen 'yan gwangwan, har ya haɗa ɗakin nan daidai yadda yake a zane. Kujerar tsohuwar mota ce. Sandar tuƙin kuwa ƙotar fartanya ce da ya fere ya goge.

Kowane makunni da kowane agogo ya rubuta sunansa da ajami a kan 'yar takarda ya manna. Ya ce abin da bai rubuta da alƙalamin kara ba, bai zauna masa a ka ba. A nan na ƙware a karatun ajami, fiye da yadda na ƙware a kan allona. Ga agogon da ke faɗin nisanka da ƙasa. Ga na gudu. Ga wata ƙwallo a tsakiya, rabi fari rabi baƙi, mai nuna maka ko jirgi ya karkace lokacin da gajimare ya rufe maka ido. A hannun hagu akwai totur, kusa da shi abin sauke tayoyi. Akwai na naɗe fukafukai, don jiragen su sami wurin kwana a cikin jirgin ruwa. Akwai na sakin ƙugiya, wadda ke fitowa daga wutsiya ta kama igiyar ƙarfe, don kada jirgi ya zarce ya faɗa teku. Jeri guda na makunnai ne kawai ya bari ba rubutu. Na makamai ne. Ya ce ba da hannunsa zai koya wa jikansa wannan ba.

A tsakanin gwiwoyin direba kuma akwai wani maɗauki da ya yi da tiyo, ya shafa masa fenti rawaya da baƙi. A jikinsa ya rubuta: na ranar wuya.

A shekarar da nake ba ka labari, Kawu ya biya wa kakata, Iya, aikin Hajji. Gida ya cika da murna. Ƙarshen damina ne, masara ta nuna, kullum 'yan uwa daga Bomo na shigowa da rake da ɗanyar gyaɗa suna taya ta farin ciki. Iya ba ta taɓa wuce Kano ba, kuma ba ta taɓa leƙa jirgin zaure ba, wasan tsofaffin yara take ce masa. Amma ran nan da ta dawo daga bita sai ta tsaya a bakin zaure ta kira ni da sunan tsokanar da take kirana.

"Maigida, zo ka nuna mini abin nan da za a ɗora ni a kai."

Baba Tsoho ya tafi jana'iza. Ni ne malami. Na zaunar da ita a kujera, ina nuna mata, tana bin rubutun da yatsa tana karantawa a hankali. Ƙugiyar nan ta ba ta dariya, ta ce ashe jirgi ma turke shi ake yi kamar akuya. Komai na tafiya daidai har yatsanta ya kai kan maɗaukin.

Da alfahari na yi mata bayani. In jirgi ya lalace a sama, direba sai ya fizgi wannan, rufi ya tashi, kujera ta harba shi waje, laima ta buɗe masa ya sauko lafiya.

"Mutanen da ya ɗauko fa?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. Kuma yaro ba ya son ya ce bai sani ba. Na ce, "Su sai addu'a."

Ta tashi, ta gyara mayafi, ta shiga ciki. Kafin la'asar ta zazzage jakar da ta yi wata guda tana shiryawa.

Iya ba mutuwa take tsoro ba, ka fahimce ni. Mace ce da ta yi wa mata da yawa wankan gawa a unguwarmu. Abin da ta ce shi ne, ko motar Funtuwa ba za ta shiga ba in ta san direban ya tanadi tagar da zai fice ya bar su. Wanda ya shirya wa kansa mafita shi kaɗai, ba a ba shi amanar rai. Baba Tsoho ya yi bayani har muryarsa ta dushe: wannan jirgin yaƙi ne, na alhazai daban. Ta ce ai shi da bakinsa ya sha faɗa mata jirgi duk jirgi ne. Kawu ya zo daga Sabon Gari ya yi lallashi. Ta ce su maza bakinsu ɗaya, kuma yaro ne ya faɗi gaskiya don bai iya ɓoyo ba tukuna. Saura kwana tara a rufe karɓar takardu, ta ƙi ba da fasfo.

Ba wanda ya doke ni. Da an doke ni da ya fi mini sauƙi. Kullum in na yi salla sai in roƙi Allah kada ya sa ni ne sanadin da Iya ba za ta ga Ka'aba ba.

A gidan da ke bayan namu akwai wata ɗaliba da ke haya, Kirista ce daga kudancin Kaduna, tana koyon tuƙin jirgi. Kowace Lahadi in ta taso daga coci takan biyo ta sayi wainar Iya, su zauna suna hira kamar uwa da 'ya. Ranar Asabar na tare ta a bakin famfo na faɗa mata abin da na yi, ina kuka. Ta yi dariya har ta ajiye bokiti, sannan ta share mini hawaye da bakin zaninta.

Kashegari ta ja hannun Iya zuwa zaure, ita ta zauna a kujerar, da ɗankwalinta na coci.

"Mama, dubi nan. Kujera nawa kika gani?"

"Ɗaya."

"To wa zai bari a baya? Shi kaɗai ne a ciki. Na fasinja kuwa ba shi da wannan maɗauki. Ba laima, ba taga. Ɗamara ma ta direba ta fi taki yawa."

Iya ta ƙura mata ido. "'Yar nan, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, Mama. Kuma mu a hancin jirgi muke zaune. Ku kuna baya."

"Wato in an faɗo, ku ne farko?"

"Mu ne farko."

Iya ta sauke numfashi, ta ɗaga hannu sama. "To, Alhamdu lillahi."

Baba Tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ɗalibar ta kifa kai a kan sandar tuƙi, kafaɗunta na rawa. Iya ta juyo ta kama kunnena, ba da ƙarfi ba, ta ce in je in ɗauko mata fasfo a ƙarƙashin katifa, kuma daga yau ta sauke ni daga malanta.

Ta je, ta dawo da haƙorin Makka. Tsarabar farko da ta ciro daga jaka, turare da zoben azurfa, ta ɗalibar nan ce. Ta ce ta yi wa direbobinsu addu'a a Arfa, tunda bayin Allah ne da ba su da inda za su.

Yanzu Iya da Baba Tsoho duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Zauren ya zama shagon cajin waya, gara ta cinye katakon tun ina sakandare. 'Ya'yana a cikin waya suke tuƙa jirgi, in ya faɗi su danna ya sake tashi. Ni kuwa na girma na shiga hannun mutane iri-iri, masu neman mu ba su amanar lafiyarmu, da karatun 'ya'yanmu, da ƙuri'armu. Nakan saurari bayaninsu har ƙarshe, don haka aka koya mini. Amma kafin in ba da nawa fasfon, sai na bincika ko a jirginmu 'ya'yansu suke zaune.