Roda Mai Gyaran Fuskar 'Yan Tsana

Da hantsi Roda take shimfiɗa tabarmarta gindin durumi a Gwallaga. Allura, baƙin zare, ɗan almakashi, su ke nan kayan aikinta. Mutuniyar Dass ce, Kirista, ɗinki ya kawo ta Bauchi.

Kantin Turawa kan kawo 'yan tsanan nan masu gashi da ake ce wa beyar. Kafin su iso akwati ya matse su: hanci a karkace, ido ya nutse cikin gashi, baki a murtuke. Yaro ya gani sai ya ce kura ce. Roda takan rage gashin da ya rufe ido, ta ja idon da zare ta ƙeya har ya zauna daidai, ta warware bakin ta mayar da shi na murmushi. Ba gaggawa, ba ha'inci.

'Yan unguwa ba su manta da Hammajoda dillalin shanu ba. Matarsa ta rasu, 'yarsu Habibatu ta daina magana, ta ƙi abinci, har wuyanta ya zama kamar sillen kara. Ya sayo mata beyar, ta gani ta ƙwala ihu. Sai ya kai wa Roda.

Ta ce, “Malam, yaya fuskar uwar yarinyar take?”

Ya sunkuyar da kai. Bafillace ne. Ko tana raye bai taɓa kiran sunan matarsa ba, balle ya siffanta ta a bakin hanya.

“Iya, ki dai gyara.”

“Kunyar taka ce za ta ba yarinya kunu? To, zauna da abarka, ni ma in zauna da allurata.”

Can ya ɗaga yatsa, ya ja a kuncinsa na hagu, ya taɓa leɓensa na ƙasa. Roda ta gane, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗinka bille a kuncin beyar, ta cike leɓen da baƙin zare, ya yi baƙi irin na matan Fulani.

Maƙwabta suna tsaye aka miƙa wa Habibatu. Ta shafa billen, ta ce, “Inna.” Ta ɗebi kunu ta kai bakin 'yar tsana, sannan ta kai nata.

Bana ake bikin 'yancin kai, bana kuma idon Roda ya gaza, ta ajiye allura. Za a kira manya a filin taro, ba za a kira ta ba.

To, Roda, ga naki. Ke ce mai ɗinkin da ya kai zuciya. Ke ce kika dubi mai kayan kafin kayan. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Masu sana'a, ku yi koyi da ita. Wanda ya raina aikin, ya je gidan Hammajoda. Habibatu tana nan, kumatu ɓul-ɓul, surutunta ya ishi unguwa.