Turancin da Ba Ya Hawa Takarda

Ni ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Turancina a bakin bariki na tsince shi, inda na yi shekaru ina sayar wa sojoji koko da ƙosai, daga baya kuma na yi wanki a gidan wata Baturiya mai saurin baki. Da kunne na koya, da ido kuma. In mutum yana Turanci nakan kalli leɓensa da girarsa da inda hannunsa ya nufa. Abin da kalma ta ɓoye, fuska takan faɗa mini. Shi ya sa in ɗan duba-gari ya shigo unguwarmu a Sakasaka zai leƙa randuna, ko wata za ta kai yaro asibiti, ni ake kira. Ni ce bakin matan unguwa, kuma ban taɓa ba su kunya ba.

Shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu, labari ya zo cewa za a ja famfo zuwa wasu unguwanni, kuma wani babban ma'aikacin ruwa daga Kudu zai zagayo ya ga inda ƙishi ya fi tsanani. Wanda bai yi rani a Tamale ba ba zai san abin da labarin nan ya yi mana ba. Rijiyoyi kan ƙafe ƙaf. Mu ɗauki garwa mu bi hanyar dam, mu dawo da ruwa mai kalar kunu, wuya kamar zai tsinke.

Aka taru a ƙofar mai unguwa don a zaɓi wanda zai yi wa baƙon magana. Mata suka ce ni. Sai ƙanin mijina ya miƙe, wanda kowa ke kira Ticha, da gajeren wandonsa da doguwar safa, alƙalami soke a bakin safar. A hannuna ya tashi. Ni na wanke masa kayan makaranta, da ƙosaina ya yi karatun. Tsakaninmu akwai wasa, na matar wa da ƙanin miji, amma na ranar nan ba wasa ba ne.

Ya ce, "Yaya, da girmanki, ki bari. Wannan ba cinikin koko ba ne. Turancinki na baki ne, ba ya hawa takarda. In aka ce a rubuta shi, alƙalami sai ya karye."

Maza suka kwashe da dariya. Ya ji daɗi, ya ƙara: "Yanzu ƙasa tamu ce. Abin da ba a rubuta ba, ba a faɗa ba."

Na bi fuskoki da ido. Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga, amma kafaɗarsa na rawa. Cikin matan ma da suka zaɓe ni, akwai waɗanda haƙoransu suka fito. Na adana kowa.

Ranar ta zo da zafin bazara. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaro, aka aro kujera. Baƙon ya sauko daga mota yana share gumi, mutum ne na bakin teku, ba Hausa ba Dagbanci. Ticha ya warware takardunsa ya fara.

Ranar na fara jin Turancin takarda da kyau, kuma na gane ba ɗaya suke da na baki ba. Na baki gajere ne, yana tafiya yana waiwaye, in ka ga mutum bai gane ba ka koma ka sake masa hanya. Na takarda kuwa ya sa babbar riga, yana tafe kai tsaye, ba ya kallon kowa. Kalma ɗaya sai ta yi tsawon igiyar guga. Muryar Ticha ta miƙe sambal, ba hawa ba sauka, idonsa bai bar layi ba. Ya gaida gwamnati, ya gaida tuta, ya gaida kakannin da suka zo da fatake. Ruwa dai bai iso ba.

Baƙon ya duba agogo, ya ɗaga hannu ya katse shi. Ya yi magana da sauri, yana haɗiye rabin kalmomin, yadda masu yin yaren kullum suke yi. Ni na ji shi sarai. Cewa ya yi, duk wannan ya gode, amma yanzu ina matan nan suke ɗebo ruwa, kuma wa zai kai shi ya gani da idonsa?

Ticha ya tsaya. Turancin da ya sani yana zaune ne a layi, yana jira a karanta shi. Wannan kuwa ya wuce shi a guje. Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya. Baƙon ya sake tambaya, da ƙarfi. Sai Ticha ya juyo ya dube ni.

Wata maƙwabciyata ta mintsine ni a cinya. "Don Allah, Yaya, ki yi magana, famfo ne fa!"

Na san famfo ne. Wuyana ma ya sani. Abu ɗaya nake jira: wanda ya rufe mini baki a gaban jama'a ya buɗe shi a gaban jama'a. So nake ya ce, Yaya, taimaka. Ya motsa leɓe, ya dubi mazan da suka yi masa dariyar yabo, ya kasa.

Na ce, "Duba da kyau, Ticha. Ƙila amsar tana shafi na gaba."

Baƙon ya karɓi takardun don ladabi, ya shiga mota. Muka ji daga baya cewa a wata unguwa wata tsohuwa ce ta kama hannunsa kawai ta kai shi bakin busasshiyar rijiya. Can aka kafa famfo.

Muka koma hanyar dam, har da ni. Wasu suka daina gaishe ni. Waɗanda suka yi dariya kuwa, ni nake fara gaishe su in mun haɗu da garwa a ka. "Sannu da ruwa! Yaya wuyan?"

Da rani ya zagayo, matar Ticha na da tsohon ciki tana hawa hanyar nan, sai ga shi a wurin suyata da safe, ana tsaye ana jiran ƙosai. Ya rage murya ya ce mai unguwa ya ce mu je ofishin ruwa tare, ni in yi magana.

Na ce, "Ban ji ba."

Ya maimaita.

Na ce, "Ai abin da ba a rubuta ba, ba a faɗa ba. Rubuta."

Ya zaro alƙalami daga safa, ya durƙusa, ya ɗora takarda a gwiwa ya rubuta. Na sa ya karanta da ƙarfi, da Turanci, sannan ya juya wa masu jira da Hausa. Na karɓi takardar na jujjuya ta. Mai kauri ce, mai kyau. Na tsamo ƙosai daga mai, na zuba a kai, na barbaɗa yaji, na naɗe na miƙa masa.

Na ce, "Kai wa matarka. Ka ce mata gobe zan je ofishin."

Ya tafi riƙe da ƙunshin, mai yana ratsa rubutun yana bin yatsunsa.