Sai Litinin

Kawuna mai aski ne, kuma duk layinsu ba wanda ke kiransa da sunansa. Sai Litinin ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk wanda ya leƙo shagonsa da yammacin Asabar ya tarar yana share gashi, ya ce zai dawo gobe, amsar ɗaya ce: "Sai Litinin, in Ubangiji ya kai mu." Lahadi kuwa ita ce ranar da kowa ke samun sukunin aski, shi ya sa abokan sana'arsa ke yi masa kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Shi ko a jikinsa.

Kada a ɗauka abin yana zo masa da sauƙi. Mutum ne da in ya ga kai ya cika, hannunsa ke ƙaiƙayi. Ko a coci, ana tsakiyar wa'azi, idonsa na kan ƙeyar wanda ke gabansa. Matarsa, wadda muke kira Mama, ta san halin kayanta. Duk Asabar sai ta zo shagon da kanta, ta tattara almakashi da reza da injin aski ta zuba a durowa, ta kulle, ta jefa makullin a jakarta ta zuwa coci, kusa da littafin waƙoƙi. Ba ya sake ganinsa sai safiyar Litinin, a gefen kofin shayinsa.

A wancan lokacin Lahadi ba ta yi masa tsawo. In an tashi sujada su tako gida a ƙafa, suna gardama a kan wa'azin. Ya miƙe a doguwar kujera, ita kuma ta yi ta rera waƙa da muryar nan tata da ba ta taɓa hawa daidai ba, yana cewa ta ji tausayin maƙwabta.

Bara waccan da damina Mama ta rasu. Kawu bai canja komai ba. Shi ke kulle durowar yanzu, ya kai makullin cikin jakar tata da ke rataye a bayan ƙofa.

Kwana shida lafiya lau yake, don shago ba ya rabo da surutu: ƙwallo, tsadar kaya, wa ya yi aure, wa ya gudu. Lahadi ce matsalar. Coci ta ba shi awa biyu, a bakin ƙofa a yi ta "Sannu, Baba, ya ƙarfin jiki?", sannan kowa ya ja iyalinsa ya tafi. 'Ya'yansa biyu suna nesa, kiransu ba ya wuce minti biyar. Ni ma da layi uku ne tsakaninmu, sai wata ya shuɗe ban leƙa shi ba. Abin kunya ne, amma haka aka yi.

Sai magana ta tashi. Wata 'yar cocinmu da ake kira Rediyo, kuma ta ci sunan, ta ce ta ga shagon a buɗe ranar Lahadi da rana, shi kuma yana ciki. Kafin mako ya zagayo har dattawan coci sun fara shawarar kiransa. Innata, wadda ita ce yayarsa, ta kira ni a waya ranta a ɓace.

"Ka je ka gani da idonka. In gaskiya ne, ka ce masa ni na ce matar nan ba ta cancanci haka ba."

Da Lahadi ta zo na tafi shagon da fushina, har na shirya abin da zan faɗa. Na tarar da ƙofar a buɗe kaɗan. Yana zaune a kujerar da yake zaunar da masu aski, da kayansa na coci, hannuwansa a kan cinya. Babu kowa. Ƙasa a share tas. Na ja durowar, na ji ta a kulle.

"Makullin yana gida, a jakarta," ya ce, bai ko juyo ba. "Yaya ce ta aiko ka?"

"Kawu, mutane na cewa kana aiki ran Lahadi."

"Mutum uku sun shigo yau. Na ce musu sai Litinin."

"To, me kake yi a nan?"

Ya nuna madubin gabansa da haɓa. Akwai wani a bangon baya, wanda ya kafa don mai aski ya riƙa ganin ƙeyarsa. In ka zauna tsakaninsu, sai ka ga kanka jere, ɗaya bayan ɗaya, har iyakar ganinka.

"A gida in na ɗaga kai, bango nake gani," ya ce. "A nan kuwa, ka ga, muna da yawa."

Duk maganar da na shiryo ta gudu. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya fi yawa. Shi kuma ya ƙura wa kaina ido ta cikin madubin, na ga yatsunsa suna motsi a kan cinyarsa.

"Kanka ya cika," ya ce. "Sai Litinin." Ya ɗan jawo bencin masu jira da ƙafa. "Amma in ba sauri kake ba, zauna."